Baba Jika da Titin Gada Biyu

Baba Jika maƙwabcinmu ne a Gada Biyu. Ƙyanda ce ta tafi da idanunsa yana ɗan shekara tara, amma bai taɓa yin bara ba. Saƙar kujeru yake yi a wata rumfa da ke tsallaken titi, kuma shekara talatin da ɗoriya shi yake kai kansa.

Da kunne yake tafiya. Ya taɓa lissafa mini hanyar. In ya fito gida, injin markaɗen Kubra yana hagunsa. In ya ji keken ɗinkin Anayo tela, ya zo bakin kwalta. Daga tsallake kuma gudumar wani maƙeri ce take jansa har rumfa.

"Ku masu ido kun cika ɓata," in ji shi. "Kai da digirin naka, ina ka kai?"

Ban kai ko'ina ba. Shekarata biyu a gida ina jiran aiki.

Bara aka karkato manyan motoci ta titinmu. Tireloli, tankokin mai, ga 'yan keke, kowa hannunsa a kan hon tun safe. Mu dai muka koyi magana da ihu, muka rufe tagogi. Shi kuwa unguwar ce gaba ɗaya ta ɓace masa. Na ce zan riƙa raka shi.

Ya ce, "Ɗana, ni kaya ne?"

Wata Talata da hantsi na hango shi tsaye a tsakiyar titi, sanda a sama, yana juya kai dama da hagu. Tirela ta taka birki, ta tsaya dab da shi. Direban ya leƙo yana zagi. Baba Jika yana ta kira, "Anayo! Anayo!" Anayo na kan keken ɗinkinsa, bai fi taku goma ba, bai ji ba. Ni na gani, ƙafafuna suka ƙi motsi. Pauline mai tumatir ce ta watsar da tirenta ta janyo shi.

Mako uku ke nan bai fita ba. Jiya na shiga gaishe shi, na tambaya ko in kwaso masa kayan aikinsa gida.

"Bar su," ya ce. "Ka gaya wa mai rumfar ya ba wani."

Ban je ba tukuna. Kafin a kai rumfar, sai an tsallaka titin.