Mai Kiwon Kusu da Ragunan Baba

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar da aka feɗe ragon Baba na huɗu a ƙofar gidanmu a Ruwan Godiya ba.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, aikina kuwa a kan fararen ɓeraye ne. Nakan zuba musu sinadarin tagulla a ruwan sha kaɗan-kaɗan, bayan makonni mu duba ƙwaƙwalwarsu mu ga yadda ya lalata ƙwayoyin halittarta. Tsautsayi ya sa na ba da labarin a gida, shi ke nan na samu suna. Kawuna, wanda bakinsa ba ya hutu, da ya hango ni sai ya ce, "Ga ɗiyarmu mai kiwon kusu! Mu muna kashe shi a rumbu, ke kina ba shi ruwa." Nakan yi dariya, amma har ga Allah abin yana yi mini ciwo.

A wannan shekarar, rashin tsaro ya hana Baba noma gonarsa ta daji, sai ya turke raguna goma sha biyu don Babbar Salla. Su ne hatsinmu na shekara. Harawa ta yi wuya, don haka ya kwaikwayi masu shanu, yana sayo kashin kajin gidan gona yana cuɗa musu da dusa. Suka yi ƙiba gwanin sha'awa, sannan suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya ce baki ne, aka yi ta turare a turke.

Na zo hutu an rasa uku, na huɗu yana kwance, idonsa rawaya, fitsarinsa kamar zoɓo. Da aka yanka shi na tsuguna cikin maza, na ga hantar ta koɗe, ƙodar ta yi baƙi ƙirin. A karatun da na yi saboda ɓerayena na ga cewa babu dabbar gida da tagulla ke yi wa illa kamar tumaki, kuma ana sa ta a abincin kaji, tana fita a kashinsu.

"Baba, ba baki ba ne," na ce. "Kashin kajin nan ne."

Kawu ya ce, "To shanun mutane mi ya hana su mutuwa?"

"Hantar saniya tana iya fitar da tagullar da ke cikinsa, Kawu. Ta rago tarawa take yi har ta gaza."

Sai Baba ya tashi da kansa ya jawo buhunan kashin kajin ya zazzage su a juji, ya aika aka ɗauko malamin dabbobi daga Faskari. Malamin ya duba hantar, ya ji abin da suke ci, ya ce maganata ce, ya ba su magani. Ɗaya ya ƙara tafiya, bakwai suka kai kasuwa da ƙafarsu.

Ranar da aka sauke buhunan masarar da aka saya da kuɗin ragunan a gidanmu, Kawu ya leƙo ya ce, "Ina mai kiwon kusu? A gaishe mini da su, a ce na tuba." Baba bai yi dariya ba, cewa ya yi, "Kusun nan su suka ciyar da gidan nan bana." Na shige ɗaki na yi kukan daɗi.

Tun ranar na daina jin kunyar abin da na sani, ko ana dariya sai na faɗe shi. Da na yi shiru don gudun bakin Kawu, da turken Baba ya zama wayam.