Ni da Jirgin Ƙidayar Shanu

Bayan babban farin nan da ya cinye dabbobin ƙasarmu a farkon shekarun saba'in, ina aiki a biro, wato ofishin kiwo na Gure. Aikina allurar shanu ne da rubuta rahoto, amma a lokacin shanun da za a yi wa allura sun yi ƙaranci, sai rahoton ya fi yawa. Babana mutumin Damagaram ne, yana da kanti a bakin kasuwar Gure inda yake sayar da atamfa da sukari da ganyen shayi. Ni kaɗai ne a cikin ƴaƴansa aka sa lakwal, wato makarantar boko, kuma ban taɓa barin kowa a gidan ya manta da haka ba. Ina da ɗan babur ɗin nan mubilet, ina da baƙin tabarau, ina tsoma Faransanci a cikin magana ko da kakata nake hira da ita.

A shekarar ne aka turo wani ƙaramin jirgin sama don a zagaya daji a ga abin da ya rage na dabbobi, da rijiyoyin da ke da sauran ruwa. Jirgin bai fi motar kumandan girma ba, farfela ɗaya a hanci, fukafukai a bisa kamar rumfa. Matuƙinsa wani dattijon Bature ne, siriri, rana ta ƙone masa wuya, ba ya ɗaga murya ko me ya faru. Yana neman wanda ya san daji kuma yake jin Faransanci. Shugabanmu ya tambaya wa zai bi shi, kafin ya rufe baki na miƙe tsaye.

Ranar farko maiɗakina ta dama mini fura da nono, na sha na ƙoshi don kada yunwa ta kama ni a sama. Filin jirgin yana bayan gari, ba komai a cikinsa sai gangunan isansi, wato man jirgin, da wani mai gadi da ke korar awaki. Da muka tashi na ga Gure ta koma kamar faifai, raina ya yi fari ƙwarai. Amma da rana ta ɗaga, muna wajen Bune, jirgin ya fara faɗawa yana tashi kamar akwai ramuka a cikin iska. Na cire sabuwar hular da na saya musamman don wannan rana, na amayar da furar duka a cikinta. Baturen ya tambaye ni garke nawa na gani ta wajena. Ban ga ko jaki ba, idona a rufe yake. Da yamma a kantin Baba na gaya wa jama'a cewa zaman jirgi kamar zama a kan tabarma ne, sai dai mai raunin zuciya ba zai iya ba.

Sannu a hankali cikina ya saba. Wata rana Baturen ya ce mini a ƙasarsu ya daɗe yana koya wa mutane tuƙin jirgi, ga shi kujerata ma tana da nata sitiyarin, in ina so zai riƙa nuna mini a hanyar dawowa. Na ce masa ai ni gwanin mubilet ne, duk Gure ba wanda ya kai ni iya ratsa yashi, don haka ban ga abin da zai ba ni wuya ba. Ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce to madalla.

Tun a ƙasa aka fara samun saɓani. Ashe jirgi in yana tafiya a kan ƙafafunsa ba da hannu ake juya shi ba, da ƙafa ne, akwai abin takawa biyu, na dama da na hagu. Ya gaya mini, na ce na gane. Da jirgin ya nufi gangunan isansi sai na kama sitiyari ina murzawa da iyakar ƙarfina, shi kuwa jirgin bai ma san ina yi ba. Baturen ya taka birki, ya sa na zauna a kan hannuwana, na yi ta kai da kawowa a filin da ƙafa kaɗai. Da muka sauko na dubi sawun da na bari a yashi, kamar na maciji mai ciwon baya.

A sama kuma na riƙe sitiyarin kamar za a ƙwace mini shi. Ya ce in riƙe shi da yatsu biyu yadda nake riƙe finjalin shayi. Idona kullum yana kan agogunan da ke gabana, in na gyara wannan sai wancan ya karkace, har ya gaji ya rufe su da hularsa ya ce in dubi inda sama ta haɗu da ƙasa, shi ne zai gaya mini ko jirgin ya daidaita. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, ni da aka ɗauko don na san daji, daga sama duk kwarin da ke da dabino da goruba iri ɗaya nake ganinsa. Wata rana muna bisa Gidigir ya ce in kai mu gida. Na saita hanci da cikakken tabbaci, na miƙa. Ya bar ni na yi nisa, sannan ya tambaye ni ko ina da dangi a Nijeriya, don can na nufa.

Duk wannan bai hana ni baki a gari ba. Kowace yamma ina kantin Baba, na buɗe hannuwa ina nuna yadda ake kwana a iska, har aka fara ce mini piloti, ni kuma ina amsawa. Baba kuwa abu biyu kawai ya taɓa tambaya ta: ko a can sama mutum yana gane alƙibla, da kuma ko ana hango kamyon Damagaram in ya taso da kaya.

Sai ranar da Baturen ya ce gobe ni zan sauke jirgin da kaina, yana gefena. Ya ce sauka ita ce mafi wuya, kada in damu in ba ta yi kyau ba. Na yi niyyar in yi shiru. Maiɗakina kaɗai na gaya wa, sai dai a tsakar gida na faɗa, da murya yadda maƙwabta za su ji. Daga nan na biya kanti na ɗan ambata.

Washegari da muka zagayo bisa filin, na ga mutane jere a gefe kamar ranar kasuwa. Ga abokan aikina, ga jandarma biyu, ga maiɗakina da ƙawayenta, ga Baba cikin babbar rigarsa ta Juma'a. Na saki yatsu biyun nan na damƙi sitiyari da hannu biyu. Na taho da gudu fiye da kima, kuma ban yi ƙasa sosai ba. Baturen ya ce in ja kaɗan. Na ja da yawa. Jirgin ya ɗaga hanci ya koma sama, na tura, ya faɗo ya bugi ƙasa, ya yi tsalle. Ya sake bugawa, ya sake tsalle, kowane tsallen ya fi na baya, kamar kwaɗon da aka taka wa ƙafa. Kaina ya bugi rufi, tabarau ya karye. Ta gefen ido na ga jama'a sun watse, har da jandarmomin.

"Sake shi, na karɓa," in ji Baturen, da muryar da yake neman a miƙo masa ruwa.

Ya ƙara wa inji wuta, muka koma sama, ya zagayo ya ajiye jirgin lafiya lau. Na buɗe ƙofa na fito. Baba ya dawo daga inda ya gudu, takalminsa ɗaya a hannu, ya dube ni tun daga sama har ƙasa ya tabbatar ba abin da ya karye a jikina.

"Sannu. Na ga an sauka sau da yawa," ya ce. "Wacce ce taka a ciki?"

Maiɗakina ce kawai ta rufa mini asiri. Ta gaya wa ƙawayenta cewa haka ake yi, sai an fara gwada taurin ƙasa kafin a sauka. A gida kuwa ta yi dariya har ta kasa tuƙa tuwo. A biro, in na shigo sai wani ya ɗan yi tsalle a kan kujerarsa, ba tare da ya ɗago kai daga takarda ba.

Na ce wa Baturen na haƙura. Ya ce shi ma yana koyo ya taɓa karya ƙafar jirgi a gaban yarinyar da yake nema, in zo gobe da sassafe. Na zo. Muka ci gaba, amma daga ranar na daina zuwa kanti da yamma, in ma na je sai in yi zancen tsadar hatsi.

Dab da ƙarshen aikin muka je arewacin Kelle, wajen duwatsun Kutus, inda akwai wani fako mai tauri kusa da wata rijiya da muke son dubawa. Da muka nufi wurin sai na ga Baturen ya harɗe hannuwa a ƙirji. Na gane nufinsa. Na rage wuta, na bar jirgin ya yi ta sauka da kansa, na dubi can ƙarshen fakon kamar yadda ya sha gaya mini, na ja kaɗan, kaɗan ɗin gaske. Ina jiran bugun nan da na saba, sai na ji tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashinmu. Mun riga mun sauka ban sani ba. Baturen ya ce to, haka ake yi.

Na buɗe ƙofa ina waige-waige. Ba kowa a wurin sai wata tsohuwa Batuba, ƴar ƙabilar Tubawa, da ke jan ruwa da raƙumi. Ta ɗan dubi jirgin, ta koma kan gugarta. Na je na gaishe ta, ina fatan ta ce wani abu, ta tambaye ni ko mun zo da ganyen shayi.

Da na ba da labari a Gure, aka saurare ni cikin ladabi. Baba ya gyaɗa kai ya ce Allah ya ƙara basira. Na lura ba wanda ya nemi ƙarin bayani.

Kafin damina ta faɗi aikin ya ƙare. Ban taɓa tashi ni kaɗai ba, ban kuma sami wata takarda ba. Ranar da Baturen zai tafi na raka shi fili, muka yi musafaha, ya ce da muna da sauran lokaci da na iya. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko kirki ne kawai, amma na riƙe maganar. Na tsaya ina kallo har jirgin ya ɗaga. Na ga ya ɗan karkata hagu wajen tashi, sai na juya na gaya wa mai gadi cewa da ni ne, da na ƙara taka ƙafar dama.