Shekarar da Makaranta Ta Haɗu da Jan Baki

Ni ban riƙe fensir ba sai bayan na yaye ɗana na huɗu. In na faɗi haka sai mutane su fara yi mini kallon tausayi, a zatonsu iyayena ne suka ƙi boko. Ba su ƙi ba. Ubana da ƙafarsa ya kai sunana wurin mai unguwa. Tsuntsaye ne suka hana ni makaranta, su da wasu mutane da ban taɓa ganin fuskarsu ba, waɗanda suka zauna a ofis wata rana suka ɗauke ranar fara karatu daga wani wata suka ajiye ta a wani.

Lokacin ba mu daɗe da tashi daga tsohon garinmu ba. Ruwan dam ɗin Tiga ya shanye shi har da kukokinsa, aka kawo mu wata jigawa ta wajen Bebeji aka ce nan ne gida. Ƙasar baƙuwa ce, ba mu san halinta ba, ita ma ba ta san namu ba. Manya duk sun yi shiru, ban da Iya, kakata ta wajen uba. Ita cewa take ruwa ya ci ɗakinta amma bai kai ga bakinta ba.

In sanyi ya shigo, ana idar da sallar isha'i sai ta sa a tara mata karan dawa a ƙofar ɗakinta. Ta binne dankali a toka, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo wajen wuta, mu kuma mu kewaye ta, ni da wana Sale da yaran maƙwabta. Sale take kira maigidanta, kullum tana yi masa gorin bai taɓa kawo mata ko goro ba. Ni kuwa Uwar Baki take ce mini, don tun ina ƙarama in na yi magana a tsakar gida ana ji a bakin rijiya. Tana da hanyarta ta buɗe tatsuniya. Sai ta leƙa duhu kamar mai hangen baƙo, ta ce, "Ga wata can tafe, wa zai matsa mata?" Mu ce, "Ta zo ta ji ɗumi." In akwai mai gyangyaɗi a cikinmu, sai ta ce baƙuwar ta juya, ba ta shiga gidan da ake barci.

A wancan zamanin Janairu ake fara makaranta, kuma ya yi wa manomi daidai. An girbe, an ɗaure, an rufe rumbu, yara ba su da aiki sai yawo. Sabon garinmu ya samu makarantarsa ta farko, aka rubuta ni da Sale za mu shiga tare. Iya har gwada ni take yi, in ɗora hannu ta kaina in taɓo kunne, don da haka ake gane yaro ya isa. Ina taɓowa sai ta ce wuyana na karkatar, in sake.

Ana cikin damina sai mai shela ya zaga gari: an canza, yanzu Satumba za a fara.

Duk wanda ya taɓa noman shinkafa ya san abin da Satumba take nufi. Lokacin ne shinkafa ke yin nono, tsuntsayen nan jan baki kuma su zo kamar hayaƙi. In ba mutum a gona, kafin azahar sun bar maka ɓuntu. In shinkafa ta ƙare, dawa ta karɓa. Mu kuwa wannan ce kakarmu ta farko a sabuwar ƙasa, rumbunmu fayau, innarmu kuma tana jego. Dole yaro ɗaya ya hau rumfar da aka kafa a tsakiyar gona.

Baba ya dube mu ya ce Sale muryarsa ba ta kai ƙarshen kunya, tawa kuwa har fadamar maƙwabta take kora. Gaskiya ya faɗa, ko da yake kasancewar Sale namiji ma ta taimake shi, wannan ban taɓa ɓoye wa Baba ba. Ya ce da ni, "Ki riƙe mana wannan kakar. Ana girbewa sai ki bi ɗan'uwanki."

Ba yaudarata ya yi ba. Shi makarantar allo ya sani, inda kowace rana ka kai yaro malam zai rubuta masa daga farko, kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Ya ɗauka boko ma haka take. Duk garin haka suka ɗauka.

Na hau rumfa. Igiyoyi ne aka ja zuwa kusurwoyin gona, an rataye musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki. In ja, in yi ihu, in cilla majajjawa. Daga can sama ina hango 'yan makaranta suna wucewa a jere da safe, Sale a cikinsu, wandonsa ya yi masa yawa. Rabin ihun da nake yi ba da tsuntsaye nake ba.

Da aka rufe rumbu, Janairu ta kama, Iya ta sa aka yi mini kitso, ta ɗauki sandarta ta kai ni da kanta. Hedimasta mutumin kirki ne, har tabarma ya sa aka shimfiɗa mata. Bayan sun gaisa ya ce, "Iya, ai sun yi nisa. Sun gama baƙaƙe, sun shiga haɗa su."

"To, ka rubuta mata nata daga farko."

"Nan ba haka ake yi ba, Iya. Tare ake tafiya. A kawo ta Satumba."

"Satumbar jan baki?"

"Ba ni na sa ba. Daga sama aka aiko."

Iya ta ce, "Ɗan nan, su na saman, tuwo suke ci?"

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Muka juyo gida, ina gaba ina haɗiye kuka, tana baya tana ɗingishi.

Da daddare na ƙi fitowa wajen wuta. Sai na ji ta ɗaga murya: "Ga wata can tafe, amma ta ce in babu Uwar Baki ba za ta zauna ba." Yara suka shigo suka jawo ni. Ta tono dankalin da ya fi girma ta ajiye mini, Sale ya ce son kai ne, ta ce mijin da ba ya cefane ba shi da ta cewa. Sannan ta ba mu wata da ba mu taɓa ji ba.

Ta ce a da can tsuntsaye ba su iya sheƙa ba, a ƙasa kowa ke yin ƙwai. Sai wani tsohon tsuntsu, gwanin saƙa, ya ce kowa ya turo masa 'ya'yansa bayan kaka ya koya musu. Aka yarda. Amma tsuntsayen cikin gari, masu cin tsaba a gindin turmi rani da damina, suka ce sanyin bayan kaka yana fasa wa 'ya'yansu baki, a dawo da koyon cikin damina. A ƙololuwar tsamiya aka yi taron, inda makwarwa ba ta iya kaiwa. Ita kuwa makwarwa lokacin ƙwanta na cikin ciyawa, in ta fita neman abinci 'yarta ce ke tsaronsa kada guza ya shanye.

"Kakar yarinyar fa?" in ji wani yaro.

"Tana gindin sabara tana gyangyaɗi," in ji Iya. "Tsohuwar banza, sai ci sai surutu."

Muka fashe da dariya, har ni.

Da ƙwai ya ƙyanƙyashe, makwarwa ta gyara 'yarta ta kai ta a tsohuwar ranar da aka sa tun farko. Gwanin saƙa ya nuna mata sheƙunan da ke reto a reshe, ya ce an kai wuya, ba a warwarewa saboda mutum ɗaya. Shi ya sa har gobe makwarwa a ƙasa take ƙwai. Waɗanda suka koya kuwa, su ne jan bakin nan da ke cinye mana gona.

"Ta tashi, ta kaɗe zaninta, ta yi gaba," in ji Iya. Haka take rufewa.

Na ce, "Shi ke nan? 'Yar ba ta koya ba?"

"Iya nan aka ba ni."

"Wannan ba tatsuniya ba ce. Mugunta ce."

"To, laifin wa?"

Sale ya ce na makwarwa ne da ta makara. Na kai masa duka, na ce ranar da aka faɗa mata ta zo, na 'yan cikin gari ne. Iya ta bar mu muka gaji, tana tura kara cikin wuta. Can ta ce, kamar da wutar take, "Duk kun yi ta kan rana. Ba wanda ya tambayi wa ya kamata ya zauna kan ƙwan."

Ba wanda ya kula. Dankali muke ɓarewa.

Da Satumba ta zagayo, tun da asuba na ji hayaniya a tsakar gida. Iya ce ta ɗaura ɗamara, ta ce ita za ta hau rumfa, Uwar Baki ta tafi makaranta. Baba ya yi roƙo, ya yi faɗa, ta ce tun kafin a haife shi take korar tsuntsu. Shi da kansa ya tallafe ta ta hau.

Na shiga aji. Na zauna a kan benci, an kira sunana na amsa da ƙarfin da ya sa malam ya waiwayo. Na koyi baƙaƙe kaɗan, ina zana su a ƙasa in na dawo, Iya tana cewa wannan ya yi kama da ƙugiya, wancan da kwaɗo.

Amma yanar ido ta riga ta rufe mata gani, ba ta faɗa wa kowa ba. Ƙarar fukafukai take bi. Tana jan igiyar gabas, jan baki suna cin yamma. Kafin a ankara sun yi wa gonar gefe guda tas. Ranar da Baba ya zo ƙofar aji ya tsaya, bai iya haɗa ido da ni ba. Na tashi na bi shi. A bakin gona na tarar da Iya zaune a ƙasa, muryarta ta dishe. Ta laluba ta kama hannuna ta ce, "Sun fi ni wayo, ƙawata." Ban taɓa jin ta kira ni haka ba sai ran nan.

Shekarar da ta biyo baya an canza hedimasta, sabon ya dube ni ya ce shekaruna sun wuce na shiga aji ɗaya. Daga baya na ji an mayar da makaranta Janairu, aka sake dawo da ita, kamar masu gwada hula. Ni lokacin na yi nisa da zancen. Sai da na zama uwar 'ya'ya a Kiru na shiga ajin yaƙi da jahilci, goyo a baya, aka yi ta yi mini dariya har aka gaji. Baƙaƙen da na koya a kwanakin da Iya ta saya mini da muryarta, su na tarar suna jirana, ko ɗaya bai ɓace ba.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a kan zagin 'yan ofis ce, kuma har yau ban janye ba: mai sa wa jama'a rana ya fara saukowa daga tsamiya ya tambayi na ƙasa. Na faɗi haka a taron iyayen yara ba sau ɗaya ba, har sun san in na miƙe. Amma sai da gwiwoyina suka fara irin ciwon nata na gane ba wanda ya ba ta labarin. A hanyarmu ta dawowa daga wurin hedimasta ta ƙaga shi, tana ɗingishi a bayana. Tsohuwar gindin sabara da muka yi wa dariya, kanta take zagi. Tambayar da ta yi ma ba mu ta yi wa ba.

Bana an sake taɓa ranar komawa makaranta, aka jawo ta kusa. Ɗana Habu ya shuka shinkafarsa da lissafin hutu zai kai shi girbi, sai ga shi an koma tana tsakiyar nono. 'Yarsa Nafisa kuma bana za ta shiga ƙaramar sakandare. Ya zo ya durƙusa yana sosa ƙeya.

"Umma, 'yan kwanaki ne kawai. Ana yankewa za ta bi su."

"Wa ya koya maka wannan maganar?"

"Wace?"

"Ana yankewa za ta bi su. Na taɓa jin ta a bakin wanda ya fi ka gaskiya."

"To ya zan yi? In bar wa jan baki gonar?"

"Rumfar tana da tsani?"

Ya ɗago kai. "Haba Umma. Me mutane za su ce?"

"Su ce uwar Habu na kora masa tsuntsu. Ƙarya suka yi?"

Nafisa tana bakin ƙofa tana dariya, ta ce, "Hajiya, ke da ko kan gado sai an ɗaga ki."

Na ce, "Ke dai je ki wanke farar safarki, marar kunya."

Ya kafa mini tsani mai faɗi, ya ƙara rufi saboda rana. Ina da tabarau, abin da Iya ba ta samu ba, muryata kuma tana nan yadda take. Ranar da aka koma, tun kafin raɓa ta bushe ina sama, igiya a hannuna. Na hango su suna wucewa ta kan hanya, Nafisa a tsakiya, hijabinta ya yi mata yawa. Ta tsaya tana ɗago mini hannu. Na ƙwala mata kira na ce ta wuce kada ta makara, kuma da wannan kiran jan bakin da suka fara sauka a yamma suka tashi gaba ɗaya.