Mesotron da Bakin Rumbu

A da, idan tsoho ya rikice a garinmu, ba a kai shi asibiti, ba a kuma gaya masa. Yanzu yara na karanto sunayen cuta iri-iri a waya, amma abin da ake yi bai sauya ba. Maigida shi ke buɗe rumbu da safe ya auna wa mata hatsi. Ranar da aka ga hankalinsa ya fara tafiya, sai ƙanensa ya riga shi zuwa bakin rumbu, a shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, a ce masa ya huta. Haka aka yi wa mahaifina a gabana. Kuma abin ya faro masa ne da kalmomin da babu wanda ya san su.

Na daɗe ina koyar da kimiyya a ƙasashen mutane kafin na dawo ƙauyenmu, kusa da Makoda. Na ga Turawa na kai tsofaffinsu gidan jinya, likita ya faɗa musu cutarsu ido da ido. Tamu hanyar ta fi tausayi, amma ita na fi tsoro, domin ba ka sanin ranar da aka yanke maka hukunci.

Wata kaka muna tsinkar gyaɗa a ƙofar gida, ƙanena yana gefe, jikata da ke karatu a kwalejin ilimi ta Bici ta zo hutu. Ta ce, "Tsoho, an ce ka ci boko. Ƙwayoyin da ke tsakiyar zarra, wato atom, suna ture juna, to me ya ɗaure su?"

Na ce, "Wata ƙwaya ce suke miƙa wa juna, ita ke riƙe su. Sunanta mesotron."

"Meso me?"

"Mesotron. Wai wa ke karatun, ni ko ke?"

Ta yi dariya, ta shiga ɗaki ta ɗauko littafinta, ta bi shafi-shafi. "Babu. Meson na gani. Kai dai ka ƙara masa wutsiya, tsufa ya zo."

Wasa take yi, irin na jika da kaka. Amma hannun ƙanena ya tsaya a kan gyaɗa. Ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kai.

Na nemi kalmar da Faransanci, na nemo ta da Rashanci, tana nan a duka biyun, har ina jin muryar dattijon malamin da ya koya mini ita a wani gari mai dusar ƙanƙara. Sai na tuna mahaifina ma haka yake rantsuwa cewa kalmominsa na gaskiya ne. Ta ina mutum zai gane, tunda abin da zai auna da shi ne ya lalace? Na tashi na tafi yin alwala.

Washegari na fito da kwanon awo, na tarar rumbu a buɗe, ƙanena a ciki. Ga tabarma a gindin darbejiya.

Ya karɓi kwanon ya ce, "Yaya, ka huta."

Na zauna. Na kasa musu, domin musu ma alama ce. Na shiga ƙidaya sunayen 'ya'yana a zuci, ina bitar surorin da na haddace, ina jiran inda zan kakare. Duk wanda ya gaishe ni da taushin murya sai gabana ya faɗi.

Da jikata ta koma Bici ta tambayi malaminta. Ranar da ta dawo, tun daga kan babur take kira: "Tsoho, ashe da gaskiyarka! Tsohon suna ne, an yar da shi tun ba a haifi babana ba. Kalmar ma ta tsufa, irinka."

Kowa ya ji, ƙanena ma ya ji. Ya yi murmushi ya ce, "Alhamdu lillahi." Bai miƙo mini kwanon awo ba. Ni ma ban tambaya ba, domin na san wata rana zan faɗi kalmar da ba za a same ta a littafin kowa ba.

Tun daga ranar ƙanena ke buɗe rumbu.