Jitar da surukina ya musanya min

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, gidan da muke kiɗa a Daura ya rufe, abokan aikina kowa ya kama gabansa. Ni kam ban ajiye jitata ba. Bes ce, mai tsirkiya huɗu da kaurin murya, wadda maigidan da ya koya min kiɗa ya bar min kafin ya rasu. Nakan naɗe ta a tabarma in bi motar garin Babban Mutum in tsallaka Nijar, in yi biki biyu ko uku in dawo.

Tsohuwa ce, ban musa ba. Ga nauyi kamar turmi, fentin duk ya goge, bayan wuyanta har ya lotsa inda babban yatsan maigidana ya ci, nawa ya ɗora. Amma in na taɓa ta, a ƙirji ake fara jin ta kafin kunne.

Wata rana na tafi Dutsi ta'aziyya, na kwana uku. Ashe mijin 'yata, mai sayar da kayan lantarki a Kano, ya zo gaisuwa ya gan ta a jingine. Wai kunya ta kama shi a ce surukinsa na yawo da wannan tarkace. Bai tambayi kowa ba, ya jefa ta a mota, ya kai wa wani dillali aka yi musaya. Bai tashi kawo min sabuwar ba sai ranar Juma'a, zaure cike da mutane.

"Baba, na raba ka da wancan tsohon katakon," in ji shi, yana murmushi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. To, amma wa ke yi wa suruki faɗa a kan kyauta, a gaban jama'a? Na ce Allah ya yi albarka. Sau uku na faɗa, mutane na cewa amin.

Sabuwar ja ce, sai ƙyalli, ba nauyi, maɓallai har biyar, kuma wai sai da batir. Na kai ta biki ɗaya. Muryarta kamar ana dukan bokitin roba, mai gangarmu sai waiwaye yake yana neman inda na shiga. Ana tsakiyar rawa batirin ya mutu. Tsohuwar shekara talatin ba ta taɓa kunyata ni haka ba.

Na saci jiki na tafi Kano, na nemo dillalin. Ya ce ai a satin ya sayar wa masu fitar da su waje, don irinta ba a ƙerawa yanzu. Wato shi ya san abin da ya karɓa, ya kuma bar mutumin kirki ya tafi yana murna. Ban san lokacin da na fara zaginsa ba, sai maƙwabtansa suka janye ni.

Na dawo na rataye jar a ƙusa, ban sake tsallaka iyaka ba. Da labari ya bazu cewa na daina kiɗa, limamin unguwarmu ya tako har gida ya yi min barka da tuba. Surukina na zaune a gefe. Na sunkuyar da kai na ce na gode.