A Kawo Mata Ɗanta

Kafin Malama Deborah Gagare ta gaisa da kowa da safe, sai ta gaisa da randa. Randar tana nan a kusurwar ɗakin shan magani na wani ƙauye a yankin Tsaskiya, an binne gindinta cikin yashi. Takan yayyafa wa yashin ruwa, ta zura hannu ta taɓa gwangwanin da ke ciki ta ji ko da sauran sanyi, sannan ta fito wurin masu awon ciki da ke jiranta a kan benci. Har tsokanarta suke yi, wai randa ce uwar ɗakinta. Ita kuwa sai ta ce ai ba su yi ƙarya ba.

Abin da ke cikin gwangwanin allurar oksitosin ce, wadda mutanenmu ke kira allurar naƙuda. Ba ta shiri da zafi ko kaɗan, in ta sha shi ƙarfinta raguwa yake yi. Da can akwai firji mai aiki da hasken rana, amma tun ranar da 'yan bindiga suka kwance baturansa ya koma akwatin ajiye auduga. Malama ta fi kowa sanin randa ba firji ba ce, sai dai da babu gara ba daɗi.

In ka samu ta zauna, za ta gaya maka cewa ta kwalba kwaikwayo ce kawai. Na ainihin yana jikin kowa, mace da namiji. Ɗan ƙanƙanin sinadari ne da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke haɗawa su sako shi cikin jini kamar ɗan aike. Shi ke matsa mahaifa har ɗa ya fito, bayan haihuwa ya sake damƙe ta don jini ya tsaya. Shi ke tunkuɗo nono idan jariri ya kama, kuma yana da hannu a shaƙuwar da ke shiga tsakanin uwa da ɗa. Tsoro da hayaniya kuwa suna daƙile shi. Abin da ke tayar mata da rai, kuma ya kamata ya tayar wa kowa, shi ne masu tsira wa mace allurar nan a gida wai don naƙuda ta yi sauri. Ta ga abin da gaggawar nan ke jawowa, shi ya sa ba ta raga musu ko a gaban wa.

Matan ƙauyen suna da labaranta da yawa, amma akwai wanda duk suka fi maimaitawa. Wata damina ce, cikin shekarun da zuwa gona ya zama kasada. Da hantsi wani makiyayi, Salmanu, ya kawo matarsa Mubaraka a kan babur, uwarsa Goggo Maijidda tana riƙe da ita ta baya. Daga wajen Ruma suka yi gudun hijira da 'yan shanun da suka rage musu. Haihuwar fari ce, aka samu namiji lafiyayye. Ana cikin barka da arziki sai jini ya ɓalle.

Allura ɗaya ta rage a randa, ita ma ta daɗe. Malama ta yi mata, ta sa hannu tana murza marar, amma mahaifar ta ƙi taurin da ake so. Salmanu ya ruga neman mota, ga rafi ya kawo, ga labarin an ga 'yan bindiga a hanya. Matan da suka biyo su suka cika ɗakin da salati da kuka. Malama ta tsorata, ita da bakinta take faɗa, domin ta ga leɓen yarinyar ya fara fari.

Malama ta ɗauko jaririn za ta ɗora shi a ƙirjin uwarsa, Goggo ta tare ta.

"A'a, Malama. Dakashi ne fa. Nonon farko ƙazanta ne, ba a ba yaro sai an wanke shi ya tsaya."

Mubaraka ma ta kau da kai ta fuskanci bango. Ɗan fari ne, ga uwar miji a tsaye. Da ta rungume shi a gabanta, a ganinta gara jinin ya ƙarar da ita.

Wata da tsawa za ta yi, a tsaya musu har lokaci ya ƙure. Malama ba ta cire hannunta daga marar ba, ta ce, "Goggo, ke kika san shanu, ni ban san su ba. In nagge ta hana nono, yaya kuke yi?"

"A kawo mata ɗanta mana. Tana jin bakinshi sai ta saki."

"In ta haihu, kuna hana maraƙin dakashi?"

"Wa zai hana shi? Ai ba zai yi ƙwari ba."

"Kuma ana tatsa cikin ihu?"

Goggo ta waiwaya ta dubi matan da ke kuka. Malama ta ci gaba.

"To abin da ke sa nagge ta saki nono, shi nake nema a jikin yarinyar nan. Shi zai taya ni damƙe cikin. Bakin ɗanta ne ke kiransa, ni ba ni da wata allura kuma."

Tsohuwar ta dubi zanen da ya jiƙe, ta dubi surukarta. Sai ta juya ta kora matan waje kamar tana korar awaki daga shanya. Ta karɓi jaririn da hannunta ta kwantar da shi a ƙirjin Mubaraka, ta ce, "Riƙe ɗanki, 'yata. Yau ba kunya. Ni ban gani ba." Ta ba su baya ta zauna, ta miƙo hannu ta baya tana shafa ƙafar yarinyar, tana 'yan maganganu ƙasa-ƙasa da Fulatanci irin waɗanda take yi wa shanunta in za ta tatsa. Yaro ya lalubi nono ya kama. Can Mubaraka ta yi ƙara ta ce mararta na murɗawa, Malama kuwa ta ji mahaifar ta dunƙule a tafin hannunta. Ta ce ba ta taɓa jin daɗin kukan ciwo irin na ranar ba.

Mota ta samu ƙetarowa bayan azahar, aka kai Mubaraka babban asibiti aka ƙara mata jini. Har yau in an ce nono ne ya ceci Mubaraka, Malama takan gyara zancen. Ta ce allura ta yi nata, hannu ya yi nasa, yaro ya yi nasa, Allah ne ya haɗa su, kuma kada wata ta ce za ta zauna gida ta dogara da shayarwa kawai.

Tana bin labarin masu bincike da zumuɗi. Ta ji suna aiki a kan irin oksitosin da ba ya tsoron zafi, da wanda za a shaƙa ta hanci. Wasu kuma suna gwada ko sinadarin zai taimaki masu fama da firgita bayan tashin hankali, da yaran da cuɗanya da mutane ke yi wa wuya. Takan ce ba a gama tabbatarwa ba, wani gwajin ya yi kyau wani bai yi ba. Amma a ƙasar da firgita ta shiga kusan kowane gida, wa zai ƙi sa rai? Burinta dai ta ga ranar da randarta za ta koma aikinta na ruwan sha.

Bana za ki ajiye aiki, Malama. Ke ce kika zauna lokacin da masu hali suka tattara suka koma birni, kuma ba wanda zai zarge ki da kin bi su. Ke ce mai zuwa coci ran Lahadi, wadda ke tuna wa mai naƙuda ta yi salati. 'Yar Gagare, inuwar masu ciki, mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki.

'Yan matanmu da ke karatun ungozoma, ku je ku zauna kusa da ita tun tana da ƙarfin koyarwa. Ku koyi allura da ƙa'idarta, ku kuma koyi tambayar tsohuwa abin da ta sani kafin ku gaya mata abin da kuka sani. Masu iko kuma, don Allah a mayar wa firjin nan da baturansa.

Yaron nan yanzu gudu yake yi a ruga, uwarsa na bin sa da faɗa. Goggo Maijidda kuwa, duk bukkar da aka haihu ita ke fara shiga. In wata ta kawo zancen dakashi ko kunya, ba ta dogon bayani. Sai ta kora kowa waje ta ce, "A kawo mata ɗanta."