Haruna Benga da Injin Sifen

Duk unguwar Makera ba mai kiransa Malam Haruna, sai Haruna Benga. Shekara goma sha ɗaya muka yi tare a wata masaƙa a Kakuri, ni a ɓangaren rini, shi a kan wani ƙaton injin buga atamfa da aka sayo daga ƙasar Sifen.

Baturen da ya zo haɗa injin ba ya jin Hausa, Turancinsa kuwa gara nawa. Kalma ɗaya ce a bakinsa, "venga", mu kuwa "benga" muke jin ta. In yana kiran mutum, venga. In ƙarfe za a ɗaga, venga. Ka shara masa ƙarya, ya harare ka ya ce venga. Da ita ma yake sallama. Mu dariya muke yi, Haruna kuwa ya sayi littafi ya liƙe wa mutumin wata huɗu, yana rubuta kalmar da duk inda aka faɗe ta. Daga ita ya wuce zuwa rubutun da ke jikin maɓallai. Ranar da Baturen ya koma ƙasarsu, duk masaƙar Haruna kaɗai ke iya karanta injin.

Abincinsa ke nan, da na mutum bakwai a gida. Sau uku ana rage ma'aikata, ba wanda ya ko kalli inda yake.

Sai wata rana yana masallaci injin ya kama hannun Benson, wani mutumin Binuwai mai 'ya'ya huɗu. Mutum shida ne a wurin, ba wanda ya san maɓallin tsayarwa. Yatsu biyu suka tafi. Ranar Lahadi Haruna ya zo da gwangwanin farin fenti, ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya yana rubuta ma'anarsu da Hausa da Turanci.

Na ce, "Haruna, takardar sallamarka fa kake rubutawa."

Ya ce, "Yatsun mutum ne fa." Ya ci gaba da abinsa. Na ji haushinsa, har yau ma ban gama hucewa ba.

Da soja suka koma bariki muka ce kakarmu ta yanke saƙa. Ina! Wuta ba ta zama, atamfar waje ta cika kasuwa, bayan 'yan shekaru aka garƙame ƙofa. Wasu 'yan Legas suka sayi injin, suka ce za su tafi da Haruna, ga ɗaki ga albashi, tunda shi ya san kan injin. Kwana tara yana kwakkwance injin, yana jera kusoshi a buhu. Matarsa Saratu ta wanke masa kaya ta shirya jaka.

Ranar lodi injiniyansu ya iso, wani matashi mai tabarau. Ya zagaya yana karanta fentin yana gyaɗa kai, ya ja shugabansu gefe. Da ya dawo ya ce, "Baba, ai komai a rubuce yake. Kada mu wahalar da kai a wannan shekarun."

Ina tsaye a wurin, ni da na zo kallo kawai. Hadari ya taso ta wajen Trikania, sai Haruna ya hau motar ya taya su ɗaure tamfol sosai don kada ruwa ya taɓa injin a hanya. Sannan ya sauko, ya ɗauki jakarsa ya koma gida a ƙafa.